Farar Supra da tsakuwar Mpape: yadda wani mai mota a Abuja ya sa ledar kare fenti sau biyu

## Motar da mai ita

Mutumin ɗan kasuwa ne, shekarunsa arba'in da 'yan kai. Gidansa yana wajen Dawaki, ofishinsa kuma ɓangaren Asokoro, don haka hanyarsa ita ce babban titin Murtala Mohammed, wanda kowa ke kira hanyar Kubwa. Wanda ya saba bin titin ya san abokan tafiyarsa: tifofi masu ɗauko tsakuwa daga wuraren fasa dutse na Mpape, wasu an rufa musu tamfol, wasu ko oho. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar gidansa akwai kamar mita 600 na jar ƙasa da ba a zuba mata kwalta ba.

A watan Oktoba na 2023 ya karɓi sabuwar Toyota GR Supra fara, mai inji lita 3.0. Ba 'yar Kwatano ba ce, dal take. An ɗauko ta a kan babbar mota daga Legas, kuma ranar da aka sauke ta ba ta cika kilomita 50 ba. Yana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum, Supra kuwa ta Juma'a ce da ƙarshen mako, da duk ranar da ransa ya so.

Ƙirar motar na cikin labarin. Hancinta a ƙasa yake, bonet ɗinta doguwa ce, ƙugunta na baya kuma ya buɗe ya fi ƙofofi faɗi. Duk abin da tayar motar gaba ta watso, bamba da bonet ne ke tare shi, abin da tayoyinta na gaba suka watso kuma a ƙugun baya yake sauka.

Na san shi ta wajen yayansa. Mai motar mutum ne mai ajiye rasit da ɗaukar hoton komai, shi ya sa aka iya bin lamarin wata bayan wata.

## Oktoba 2023: farashi uku da shawara ɗaya

Tun kafin motar ta iso ya ji labarin ledar kare fenti, wadda masu sana'ar ke kira PPF. Ba irin ledar da ake naɗe mota da ita don sauya launi ba ce. Wannan garau take kamar gilashi, da wata roba ake yin ta mai suna poliyuritan, kaurinta kuma wajen maikron 200. Maikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fentin da kamfani ke yi wa mota, tun daga shafin farko har zuwa kiliya mai sheƙi ta sama, yawanci bai wuce maikron 100 zuwa 150 ba, wato kamar kaurin takardar rubutu guda. Ledar ta kai takarda biyu, ga ta kuma da taushi, shi ya sa take shanye bugun tsakuwa. Asalinta ma daga aikin soja ne: kamfanin 3M ya yi irinta don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da ɓaraguzai a zamanin yaƙin Biyetnam, daga baya ta shigo motocin tsere, sannan ta iso ga kowa.

Ya je wurare uku. Na farko shago ne rufaffe mai na'urar sanyaya ɗaki. Sun ba shi farashi biyu: na gaban mota gaba ɗaya, wato bamba da bonet da madigadi da madubai da fitilu, da kuma na jikin mota duka, wanda ya kusa ninka na farko sau uku. Wuri na biyu rumfa ce a gefen wani wurin wankin mota, farashinsu bai kai rabin na shagon ba. Na uku cewa suka yi ya bar batun leda, a shafa mata seramik (wani ruwan sinadari da ke bushewa a kan fenti ya zama siririn rufi), ai ƙarfinsa 9H ne, ko ƙusa ba ta kama shi.

Lokacin kuɗi ba su zauna wuri ɗaya ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yuni na 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje farashinsa na safe daban, na yamma daban, ledar kuma da dala ake sayo ta. Ga kuɗin kwastan da ya riga ya zube. Yayansa ya ce masa, "Kai dai ka sa mata tun tana amarya." Shi kuwa ya ce, "Yaya, bari dala ta sauko tukuna." Ya zaɓi seramik, aka shafa a mako na biyu.

## Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024: hunturun farko

Seramik ɗin ya yi abin da aka yi shi dominsa. Ruwa na zamewa a jikin motar, kashin tsuntsu baya kamawa, wanki ya yi sauƙi. Amma kaurinsa maikron ɗaya ne zuwa biyu, kuma 9H ɗin da ake tallarsa da shi ma'aunin taurin fensir ne, ba shi da haɗi da dutsen da ya taso daga bayan tifa mota na gudun kilomita 100 a awa.

Ƙarshen Janairu motar ta yi kilomita 2,600. Ya wanke ta ya ƙirga: tabon tsakuwa bakwai a bamba, uku a goshin bonet, ɗaya a murfin madubin hagu. A farar mota irin wannan tabo baƙi yake fitowa, kamar an ɗiga tawada. A ƙugun baya, daidai gaban tayoyi, fentin ya fara yin kaushi idan an shafa da hannu.

Akwai ɓarna ta biyu da bai lura da ita ba sai wani dare a gidan mai, da hasken fitila ya faɗo a kan bonet ya ga siraran zane suna zagaye kamar saƙar gizo. Da ya bincika, maigadinsa ne. Bawan Allah kullum da asuba sai ya ɗauki busasshen tsumma ya karkaɗe ƙurar hunturu daga jikin motar, don kada maigida ya fito ya tarar da ita butu-butu. Ranar Asabar kuma ya wanke ta da garin sabulun wanki da soso, bokiti ɗaya tun daga rufi har tayoyi. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, goga ta a bushe daidai yake da goga takardar yashi. Da aka yi masa magana ya ce, "Ranka ya daɗe, ai haka nake wa ɗayar." Gaskiya ya faɗa, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa wata hanyar.

## Fabrairu 2024: leda ta farko

Dala ba ta sauko ba. A Fabrairu ta haura naira 1,500, shagon farko kuma ya ƙara farashi. Sai ya koma rumfar nan. Aka shirya a kan bamba, da madubai, da rabin bonet da rabin madigadi.

Yini ɗaya aka yi aikin, kuma yana wurin ya ɗauki hotuna. A hotunan ana ganin abubuwa huɗu da a ranar bai ɗauke su komai ba. Rumfar a buɗe take ta gefe uku, ana tsakiyar hazo. Naɗin ledar ba shi da kwali, ba sunan kamfani a bayan takardarsa. An shimfiɗa ledar ne a kan mota sannan aka bi gefe da reza ana yankewa. Sannan ba wanda ya goge seramik ɗin da ke kan fentin kafin a manna, alhali amfanin seramik shi ne hana abu kamawa, gam ɗin leda kuwa kamawa yake nema. Tabon tsakuwa goma sha ɗayan nan an ɗiɗɗiga musu fenti da ɗan buroshi da safe, kafin azahar an rufe su da leda.

Ya tambayi garanti. Mai aikin ya ce, "Alhaji, ni ne garantin. In ta yi wani abu ka dawo."

Kwana biyu bayan haka aka wanke motar da injin feshin ruwa mai ƙarfi. Ba a gaya masa ya jira ba.

## Maris zuwa Agusta 2024: abin da ya biyo baya

Makon farko ya ga ƙananan ƙuraje a ƙarƙashin ledar. Wasu ruwa ne da ya maƙale, waɗannan rana ta busar da su cikin kwana goma, kuma haka ake gani ko a aiki mai kyau. Sauran ƙwayar ƙura ce, ita kuwa ba inda za ta. Ya ƙirga sama da ashirin a rabin bonet kaɗai.

A Afrilu kusurwoyin bamba suka fara ɗagowa. Ya koma, aka hura musu zafi aka danne, bayan mako biyu suka sake tashi, wannan karon da jar ƙasa a cikin gam ɗin. Layin da ledar ta tsaya a tsakiyar bonet ya zama jan zare daga wannan gefe zuwa wancan, ana hango shi daga nesa. Da damina ta sauka, ruwan laka ya riƙa shiga ta wuraren da suka ɗago.

Zuwa Yuli launi ya rabu biyu. Rabin bonet na sama fari tas, rabin ƙasa kamar an jiƙa shi a ruwan shayi. Leda mai araha, musamman wadda aka haɗa da robar PVC, ba ta jure rana, ga motar kuma a fili take kwana, a fili take yini. Da baƙa ce ko ja, da an daɗe ba a gane ba. Fara ba ta rufa wa kowa asiri.

Abu guda dai ya tsaya: a wata shidan nan, cikin kilomita 3,900, ba sabon tabon tsakuwa ko ɗaya a inda ledar ta rufe. Sababbi biyu da aka samu duk a saman layin suke, a rabin bonet da aka bari tsirara.

Da ya koma karo na uku, mai aikin ya ce rana ce, kuma rana ba ta cikin garanti.

## Satumba 2024: ɗaye leda

Ya koma shagon farko. Suka ce ba za su faɗi farashi ba sai an cire tsohuwar an ga abin da ke ƙasa. Da tururi aka cire ta, a hankali, ana jan ta a kwance. Leda mai kyau a manyan falle take fitowa. Wannan ta riƙa tsinkewa guntu-guntu tana barin gam, sai da aka ci yini guda da rabi.

Abin da aka tarar kashi uku ne. Fentin da aka ɗiga a tabon tsakuwa ya biyo ledar, tunda bai bushe ba aka rufe shi. A gefen fitilu biyu da kewayen tambarin gaba akwai sawun reza. A bonet da madigadi sawun bai wuce kiliya ba, a bamba kuwa wuri biyu ya kai har roba.

Mai shagon ya auna bonet da na'urar auna kaurin fenti, irin wadda ke karanta alminiyom, don bonet ɗin Supra ba ƙarfe ba ce. Ya samu tsakanin maikron 110 da 125. Ya ce akwai abin gogewa, amma sau ɗaya, da sauƙin hannu, domin kiliyar ba ta fi maikron 40 zuwa 50 ba kuma duk abin da injin folish ya cinye ba ya dawowa. Bamba kuwa roba ce, na'urar ba ta karanta ta, kuma yankan ya yi zurfin da folish ba zai kai ba. Sai dai fenti.

Nan ne abin ya fi yi masa ciwo. Duk wannan ɗawainiya don a tsare fentin kamfani aka fara ta, ga shi mota ba ta shekara ba za a fesa wa bamba sabo. Yayansa da ya zo gani bai ce komai ba sai, "Araha ba ta ado." Shi ma bai amsa ba.

Aka fesa bamba a ƙarshen Satumba. Mai shagon ya ƙi sa leda a kai nan take. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadaran da aka dama shi da su har tsawon makonni, idan aka rufe shi da wuri sai ledar ta yi kumfa, ko kuma ranar cirewa ta taho da fentin. Mafi ƙarancin jira kwana 30 ne, shi ya nemi 45. Motar ta yi zamanta a gida ƙarƙashin rumfar kwano da aka kafa mata a wannan tsakanin.

## Nuwamba 2024: leda ta biyu

Wannan karon da tambayoyi ya je. Ya nemi ganin kwalin ledar da lambar naɗin, ya duba ko shagon na cikin jerin wakilan kamfanin, ya kuma karanta takardar garantin. Manyan masu yin ledar, irin su XPEL da SunTek da 3M, suna ba da garantin shekara 10 ko fiye a kan manyan samfuransu. Abin da garantin ya ɗauka shi ne ledar ta yi rawaya, ko ta tsage, ko ta yi kumfa, ko ta rabu da kanta. Bai ɗauki dutsen da ya huda ta ba, bai ɗauki haɗari ba.

Sai batun iyaka: gaba kawai ko jiki duka? Mai shagon, kamar kowane ɗan kasuwa, ya fi son duka. Mai motar ya fito da hotunansa na shekara guda ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk tabon dutse a gaba yake, sai kaushin ƙugun baya da ƙasan ƙofofi. Rufi da saman ƙofofi da murfin but ba abin da ya same su sai zanen tsumma, shi kuwa wannan a wajen wanki maganinsa yake. Ya tsaya a kan bamba, bonet cikakkiya, madigadi cikakku, madubai, fitilu, dogayen ƙasan ƙofofi, da gaban ƙugun baya. Kuɗin bai kai rabin na jiki duka ba.

Aikin ya ci kwana uku. Ranar farko wanki ne da cire ragowar seramik da folish mai sauƙi, sannan aka goge ko'ina da sifirit. Rana ta biyu aka manna. Na'ura mai aiki da kwamfuta ce ta yanka kowane falle daidai da ƙirar motar tun kafin a kusanci fenti, da ɗan rara a gefe wanda aka lanƙwasa zuwa bayan bonet da madigadi don kada baki ya fito fili. Ana fesa ruwa mai ɗigon shamfun jarirai don ledar ta zame a daidaita ta, a kusurwa kuma a fesa ruwa mai sifirit don gam ya kama nan take, sannan a bi da faifan roba a matse ruwan waje. Ƙofar ɗakin a rufe, an jiƙa daɓen don ƙura ta kwanta. Rana ta uku motar ta kwana a shagon aka sake bin gefuna. Aka ce kada ruwan wanki ya taɓa ta sai bayan mako guda. Daga baya aka shafa seramik a kan ledar da sauran jikin, wato a sama, inda ya kamata tun farko.

Maigadi ma an zauna da shi. Aka saya masa bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye tawul, da tawul masu laushi guda shida, da soso na daban don tayoyi. Doka ɗaya aka kafa: ba a taɓa jikin motar sai an fara kwarara mata ruwa, in ba ruwa a bar ta da ƙurarta. Injin feshi kuma ba a kai bakinsa kusa da gefen leda. Duka kayan nan ba su kai kuɗin cika tankin motar sau ɗaya ba.

## Disamba 2024 zuwa Nuwamba 2025

Hunturu ɗaya, damina ɗaya, kilomita 8,200. Ledar ba ta sauya launi ba. Kusurwa ɗaya a ƙasan bamba ta ɗago a wata na biyu, aka gyara a shagon ba a karɓi komai ba, ba ta sake ba. Ƙananan zanen da suka fito a bonet, rana kaɗai ta shafe su, domin saman irin wannan leda yana komawa daidai idan ya ji zafi. Wani zane da reshen bishiya ya yi a madigadi sai da aka zuba masa ruwan ɗumi kafin ya ɓace.

A watan Maris, dab da mahaɗar Mpape, dutse ya faɗo daga tifa ya daki bamba da ƙarar da ta sa ya tsaya a gefen titi. Ledar ta yage kamar faɗin farce. Da aka ɗaye fallen a shago, fentin lafiya lau. Ya biya kuɗin sabon falle na bamba daga aljihunsa, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, ya kusa na fesa bambar da aka yi a Satumba. Bambancin shi ne yini ɗaya aka yi, ba neman launin da zai dace, ba jiran kwana 45.

Abu biyu sun faru da ledar ba ta da ta cewa a kansu. A Yuni tsakuwa ta fasa gilashin gaba, aka cike. A Agusta wani mai babur ya goga ƙofar dama a kan hanyar ƙasa ta unguwa, ƙofar ta ɗan lotsa. Ko da akwai leda a wurin, lotsawar tana nan.

A rufi da ƙofofi, inda ba leda, ba a ga sabon zanen saƙar gizo ba tun da aka sauya wanki.

## Hukunci

A ganina ledar ta cancanci kuɗinta a wannan motar, saboda wannan hanyar. Mota mai hanci a ƙasa da ke bin bayan tifofin Mpape da gudu ta tara tabo 11 a kilomita 2,600 ba leda, sannan ta yi sama da 12,000 ba ko ɗaya a duk inda leda ta rufe, har da ledar banza. Wanda motarsa ba ta wuce Maitama zuwa Wuse a hankali, lissafinsa daban ne, kuma ba zan ce masa lallai ba.

Jiran dala ne ya fi komai tsada. Shi ya jawo tabon farko, tabon ya jawo gaggawa, gaggawa ta kai shi rumfa. Idan aka haɗa seramik na farko, da ledar rumfa, da cire ta, da fentin bamba, da leda ta biyu a farashin 2024, abin da ya kashe ya haura farashin jiki duka da aka ba shi a Oktoban 2023, kuma bai samu jiki dukan ba.

Laifin aikin farko ba na ledar kaɗai ba ne. Rawayar daga ledar take. Ɗagowar gefe daga seramik ɗin da ba a cire ba ne da wankin kwana biyu, ƙurajen daga buɗaɗɗiyar rumfa, fentin bamba kuma daga reza. Uku cikin huɗu aikin hannu ne, kuma da an kawo leda mafi tsada a duniya an ba wannan rumfar, ukun nan da sun faru.

Ƙin rufe jiki duka daidai ne, tunda hotunansa sun nuna inda dutse ke sauka, bokiti biyu kuma sun tsare sauran. Inda nake da ja shi ne ƙofofi: da ya rufe su, da gogar babur ɗin ta tsaya a lotsawa kawai, a buga ta daga ciki ba tare da fenti ba. Yanzu akwai ƙarcen da ya kai tsawon tafin hannu a ƙofar dama, kuma har zuwa Nuwamba 2025 bai yanke shawarar ko zai fesa ta ko zai bar ta haka ba.